Jif ɗin Alhaji da Gaisuwar Kawu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni direba ne a Funtua. Maigidana, Alhaji mai sayen auduga, ya sayo babbar jif mai kujerun fata da na'urar sanyi, tayoyinta huɗu duk suna ja. Lakar hanyar Danja da ke kafe manyan motoci, wannan jif ko gezau ba ta yi a cikinta.

Sai dai saboda sanyin, gilashi kullum a rufe yake. Mun wuce kawuna yana noma a bakin hanya, ban samu na ce masa sannu da aiki ba. Ranar kasuwa ya ce mini, "Ɗana, motar taku ba ta da baki ne?"

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Alhaji ya hana sauke gilashi, Kawu kuma ya daina ɗago kai in mun zo wucewa.