Ƴata Ta Fara Ɗaga Kai

Assalamu alaikum Malam mai karanta mana wasiƙu, ina fatan kana lafiya. Ni ce Hadiza daga Gangara. Da girmana na koyi rubutu, sai ka gyara inda na karkace.

Ƴata ta fari tana ajin bak, wato ajin ƙarshe na sakandare, a Tanut, burinta ta zama likita. Malaminsu ya ce za a canza jarrabawar shiga makarantar likitoci. Wai bayan ta rubutu, za a zaunar da yaro gaban manyan likitoci, su yi masa tambayoyi baki da baki. Yarinyar nan ta san karatu, amma ni na hore ta da sunkuyar da kai gaban manya. Kuma da yake ƴar fari ce, ko da ni ba ta doguwar hira.

Da ta zo hutu na hau kujera na ce, "Ke, yau ni ce babban likita. Dube ni. Me ya sa kike son aikin nan?"

Ta rufe fuska tana dariya. "Inna, likita ba ya tsawa haka."

"Wannan yana yi. Amsa!"

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ranar da kika yi naƙuda a kan amalanke, ni na riƙe miki kai, ban san abin yi ba."

Ashe ba ta manta ba. Tun ranar muke gwaji kullum, muryarta na ƙara fitowa.

Malam, ka tambayar mana masana, gaskiya ne canjin nan? Me kuma zan riƙa tambayarta? Ina gaida matan ajinmu na yaƙi da jahilci.