Ranar da Ɗalibaina Suka Samu Benci

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Bulumkutu. Shekara huɗu ɗalibaina a kan tabarma suke karatu. Bana ƙungiyar 'yan kasuwar unguwarmu ta ba mu tallafi, amma iyakarsa kuɗin katako.

Ranar Asabar sai ga kafintoci da zarto da guduma, ba wanda ya kira su. Dattijon cikinsu ya ce min, "Malama, ai jikokinmu ne." Ko sisi bai karɓa ba.

Ranar Litinin yaran suka cire takalma yadda suka saba, suka tsaya suna shafa bencin, sun kasa zama. Wallahi ni ma sai na tsaya ina kallonsu.

Masu sauraro, da me ake gode wa irin mutanen nan?