Gidan da Ba a Gama Rufinsa Ba

A tashar Zuru, ana jiran motar Mahuta ta cika, wata dattijuwa ta leƙa wayar saurayin da ke gefenta.

"Ɗana, mutumin nan na cikin wayarka ya ƙame."

"Sabis ne ba ƙarfi, Mama. Yayana ne, Justice, soja ne a Borno. Wasan gem muke yi tare, muna gina gida."

"A cikin waya?"

"Siminti ya fi ƙarfinmu. A nan kuwa har bene mun ɗora, tagarsa tana kallon duwatsu kamar na Dabai. A da kullum muke haɗuwa. Da data ta yi tsada, sai muka koma ranar Lahadi kawai."

"To yanzu me yake yi?"

"Ya ɗauko katakon rufi ke nan sabis ya ɗauke. Haka zan yi ta kallonsa. Ni dai in ya motsa, na san yana raye."

Ta ƙara matsowa kusa da wayar.

"Nawa ɗan ma yana can. Markus. Tun damina ban ji muryarsa ba."

"Mama, ga motarku ta cika."

"Bar ta ta tafi. Ɗaga wayar sama, mu ga ya ɗora katakon nan."