Sun Fito da Darduma Daga Makka Saboda Ni

Ina gaishe ku da sunan Yesu Mai Ceto, 'yan'uwa. Sunana Yakubu. Yawancinku kun san ni, wasu ma kun taɓa tsallake ni ina kwance a bakin kwata. Shaida na zo bayarwa, amma in gaya muku tun yanzu, raina a ɓace yake.

Giya ta cinye ni a garin nan. Da abin ya ishi dangi, yayana ya samo mini aikin tuƙin babbar mota a Saudiyya. Ya ce, "Can babu giya, dole ka shiryu." Aka yi mini addu'a, aka sa ni a jirgi, kowa ya huta. Ba magani aka nema mini ba, rabuwa aka yi da ni!

Wa ya ce babu? Akwai wadda ake dafawa a ɓoye. Ranar da babu ita kuwa, turare nake sha. I, turaren fesawa! Ina ɗaukar kaya daga Jidda zuwa Ɗa'ifa ta hanyar da ke zagaye Makka, domin wanda ba Musulmi ba ba ya shiga garin. Ina riƙe da sitiyari a buge, ga motocin mutane da 'ya'yansu a gabana. Na san ko in mutu, ko in kashe wani.

Na nemi taimako, amma wa zan tambaya? Ina tsoron maigidan da ya ɗauke ni aiki ya ji, a koro ni. A waya na samu taron masu daina sha, amma da Turancin da ba na kamawa. Na kira wani dattijo a nan gida, ya ce in ƙara azumi. Na yi azumin, na buɗe baki da turare.

A wani gidan tuwo a Jidda na haɗu da Harisu, direban tasi, haifaffen unguwar Hindawiyya a Makka, kakanninsa Sakkwatawa ne. Ya matso ya ce, "Ya akhi, turare ga tufa aka sa shi, kai ko ga bakinka nika jin shi."

Saura kaɗan in mare shi.

Ya ce, "Kwantar da hankali. Ni ma na sha shi hal ya kusa makanta ni. Mu masu barin sha muna da zama unguwar Kudai kowace Alhamis, direbobi ne irinka. Babu mai tona ma asiri. Yalla, taso, yau Alhamis, in kai ka."

Na shiga motarsa ina murna kamar yaro. Ban san Kudai cikin Makka take ba, sai da na hango babban allon nan da ke raba hanya, Musulmi nan, saura can. Na ce, "Harisu, tsaya. Ni Kirista ne."

Ya taka birki. Da ya ji sunana Yakubu, ya ɗauka ni Musulmi ne. Ya ce, "Wallahi ba ni iya wucewa da kai."

Na fita na durƙusa a kan tsakuwa. Ba addu'ar ladabi na yi ba, Baba Fasto, faɗa na yi da Allah. Na ce, "Ubangiji, wannan wane irin wasa ne? Ka nuna mini magani, ka ajiye shi inda ba zan iya shiga ba? Idan kasheni za ka yi, ka kashe ni ni kaɗai, kada in ɗauki ran ɗan wani!" Harisu ya mayar da ni Jidda.

Alhamis ta zagayo, ya kira ni da la'asar. "Taho gidan mai na hanyarku ta zagaye."

Na je. Bayan gidan man an shimfiɗa darduma, ga butar shayi, ga mutum biyar a zaune. Wani tsoho ɗan Sudan ya ce a faɗa mini, tun da ba zan iya zuwa wurin zaman ba, zaman ya zo wurina. Halleluya!

Kowa ya faɗi nasa, Harisu yana fassara mini. Babu wanda ya yi mini wa'azi. Da magariba suka tashi salla, ni kuma na koma gefe na kira sunan Yesu ina kuka. Na sake faɗawa sha bayan haka, ban ɓoye musu ba, kuma ba su naɗe dardumar ba. Haka Ubangiji ya raba ni da kwalba, ban taka ɗan kowa ba har na dawo.

To ga abin da ke ƙona mini rai. Da na dawo, na roƙi dattawan ikkilisiya ɗaki ɗaya, mu riƙa zama da 'yan'uwa masu fama da sha. Aka ce mashaya za su ɓata wa majami'a suna. Waɗancan mutane ba addininmu ɗaya ba, suka bar garinsu mai tsarki saboda ni, mu kuwa mabuɗi ya gagare mu!

Na gode wa Yesu da ya ji addu'ar mai fushi. Kai da ke zaune a baya kana tauna cingam don kada a ji warin, ka dogara gare shi, bai gaji da kai ba. Ranar Asabar da yamma ina bakin ƙofar majami'ar nan da tabarmata. A buɗe ko a rufe, ka zo. Amin.