Nishin da Gwaggo ta sa ni

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatar da shirinmu. Maman Sadiya ce daga Tsiga, kuma da takaici na rubuto.

A cikina na fari na koma gidanmu a Gozaki goyon ciki. Naƙuda na farawa, Gwaggo, yayar babanmu, ta durƙusar da ni. "Yi nishi, raguwa! Haka kakanninmu suka haihu tun kafin zuwan Turawa." Na ce ban ji ɗan ya sauko ba, ta ce me mai cikin fari ta sani. Na yi ta yunƙuri har jini ya ɓalle. A asibitin Malumfashi aka ce bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, shi ya sa ya yage. Na sha ɗinki, da ƙyar na tashi.

Yanzu ƙanwata Hauwa ta zo goyon ciki, Gwaggo har ta share ɗakin. Na yi magana, wai na yi rashin kunya. Hajiya, yaya ake hana babba?

Ina gaida matan Tsiga. Gwaggo, na san rediyonki a kunne yake. Ki yi fushin, Hauwa dai ba za ta durƙusa a ɗakin nan ba.