Safar Hannu Tsakanina da Mma

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Rabi mai koko daga Nima.

Mahaifiyata, Mma, tana karɓar maganin ciwon daji, wato kansa, ta hanyar ƙarin ruwa. Nas ta ja mini kunne cewa a kwanakin farko maganin yana fita ta fitsari da bayan gida da amai, kuma yana iya cutar da mai jinya. Ta ce in riƙa sa safar hannu, in wanke kayan Mma daban, kuma kada in juye fo a kwatar gidan hayarmu inda yara ke wasa, sai a masai, in kora da ruwa sosai.

Ranar da na shigo da safa zan ɗauki fo, Mma ta juya fuska bango. Ta ce, "Rabi, ni da na wanke kashinki da hannuna, yau ni kike ƙyama?" Wallahi cire safar na yi, ina hawaye.

Da muka koma asibiti na gaya wa nas. Ta dafa Mma, ta ce, "Hajiya, ba ke ake gudu ba, maganin ne. Ga 'yarki da goyo."

Yanzu ko na manta, Mma ce ke tsawata mini: "Ina safarki? Da hannun nan kike ba maigidana abinci!" Jikanta take nufi.

Masu jinya, ku yi wa tsofaffinku bayani tun kafin su ga safar. Ina gaida Mma, na san tana saurare. Mma, ba ƙyama ba ce, Allah ya ba ki lafiya.