Caja Ai Caja Ce

"Duk wanda ya yi kimiyya a sakandare ba ya buƙatar makanike."

Wani mai tabarau ne ke faɗa wa dattijon da ke gefensa, a bencin shagon gyaran babura masu lantarki.

"Haka ne, malam. To me ya kawo ka?"

"Shawara kawai. Na cire tsohon batirin dalmar nan mai nauyin tsiya, na sa na litiyam da hannuna."

"Caja fa? Ka sauya ta?"

"A kan me? Caja ai caja ce. Bakinta ya shiga daidai."

"Wancan ne naka, wanda ya tashi kamar burodi?"

"Ya ɗan kumbura. Sabo ne, yana sabawa."

"Allah ya sa. Ni da nawa ya fara sabawa, da bokitin yashi muka kashe shi."

"Wataƙila ba ka karanta takardarsa ba, baba."

"Ban iya karatu ba. Kai ka karanta?"

"Ba sai na karanta ba."

Makanike ya leƙo ya ce batirin ya tashi aiki, wani kuma sai bayan mako biyu.

"Ba komai," in ji mai tabarau. "Dama ba ni ke hawa ba, na maiɗakina ne. Asibitinsu awa ɗaya ne kacal a ƙafa."

Matarsa da ke tsaye a bakin ƙofa cikin fararen kayan aiki ta duba agogo. Ta ƙara ɗaure igiyar takalminta, ta rataya jaka, ta kama hanya.